Yadda ake kwance notin lambar mota idan ya yi tsatsa ko kansa ya lalace

Daga ranar da aka ɗaura wa mota lamba, ba wanda ke sake waiwayar notunan nan biyu ko huɗu da ke riƙe da ita. Damina ta jiƙa su, ƙurar hunturu ta cike musu rami, mai wankin mota ya watsa musu ruwan omo duk mako. Sai ranar da za a kai motar fenti, ko za a canja bamba, ko an sayar da ita za a cire tsohuwar lamba, a ɗora sukudireba a ji noti ya yi gam, kamar an yi masa walda.

Ni ma ta taɓa ci da ni. Wani yaron gareji ya gwada sau biyu ya ga notin bai motsa ba, ya ɗauko guduma da guntun ƙarfe ya hau bugu kafin in ce kwabo. Notin dai ya fita, amma ya bar mini lotsawa a murfin but, ramin lambar kuma ya yage. Abin da na biya mai gyaran bodi ya isa ya cika mini gwangwani da irin wannan notin. Tun daga nan nake cire nawa da kaina, kuma tsarina ɗaya ne: a fara da hanya mafi laushi, a riƙa ƙara ƙarfi a hankali, idan kuma dole sai wani abu ya lalace, to notin ne zai lalace. Shi kuɗinsa kaɗan ne. Lamba kuwa idan ta ɓaci, sai ka bi layin hukuma kafin ka sami wata.

Dalilin ƙamewar ba wani abin mamaki ba ne. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa girma, don haka idan ta tsiro tsakanin haƙoran noti, wato tiredi, sai ta cike ɗan sararin da ke wurin ta matse komai. Motocin da aka shigo da su daga Kanada da arewacin Amurka sun fi wannan ciwo, domin can ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ga kuma iskar teku da suka sha a jirgin ruwa da tashar Legas ko Kwatano. Sau da yawa ramin ya riga ya ci tsatsa tun kafin a sa masa notin farko a ƙasar nan.

Mataki na farko: gano abin da ke bayan lambar

Kada ka taɓa sifana sai ka san abin da notin ya shiga. Buɗe but, ka ɓalle ƙusoshin robar da ke riƙe da shimfiɗar cikin murfin, ka haska da fitilar waya. Domin kada magana ta rikice, zan riƙa cewa noti ga namijin mai kai da dogon jiki, mace kuma ga zoben da yake shiga.

A yawancin motocin Japan, irin su Toyota da Honda, lambar baya tana kan noti mai kaurin milimita 6, wanda ake kira M6, kansa na sifana lamba 10, macen kuma a manne take a jikin ƙarfen motar. A gaba, da kuma motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, an fi samun sukuru mai tsini da ke cin hanyarsa cikin roba, ko dai robar bamba ko wani ɗan murabba'in roba da aka cusa a rami. Akwai kuma aikin gida. Lambar Najeriya gajera ce mai ɗan tsayi, irin fasalin ta Amurka, alhali motocin Turai kamar Golf da Peugeot 406 an tanadar musu gurbin doguwar lamba siririya, irin wadda ake gani a motocin Nijar. Ramuka ba sa haɗuwa, sai a huda sabo a sa noti da mace sakakkiya a baya. Na huɗu shi ne ribit, ƙusa marar tiredi da ake matsewa ta kama, wanda wasu ke bugawa don tsoron ɓarayi, shi kuma ba a kwance shi, sai dai a huda.

Tunda ka buɗe, ka lura da wayar fitilar lamba, da ta kyamarar baya idan akwai, da igiyar makullin but. Duk suna wucewa kusa da nan, kuma bakin diril ba ya tambaya.

Mataki na biyu: share, jiƙa, jira

Ka zagaye kan notin da salatif na takarda ninki biyu ko uku, domin duk abin da ya zame ya sauka a kansa. Idan lambar tana cikin firam ɗin roba kuma ba ka damu da shi ba, karya shi ka zare. Wannan kaɗai yana ba ka sarari a ƙarƙashin kan notin.

Goge kan da buroshin waya. Idan kan mai sita ne, wato mai rami kamar alamar +, ɗauki allura ko ƙusa ka ƙwaƙule ramin har ƙasa. Rabin sukurun da ake cewa kansu ya cinye, laka da tsatsa ne suka hana sukudireba shiga yadda ya kamata. Idan wutsiyar notin ta leƙo ta cikin but, ita ma ka goge ta sosai, domin duk tsatsar da ke jikinta sai ta bi ta cikin macen kafin notin ya fita.

Sai mai. Na feshi da ake sayarwa a shagunan kayan mota, WD-40 ko wani makamancinsa da aka yi don ratsa tsatsa, shi ya fi sauƙi saboda ɗan bututunsa. Idan babu, kananzir ko man gas da aka haɗa da ɗan baƙin mai yana aiki. Fesa ta gaba a ƙarƙashin kan, ka fesa ta baya a kan tiredin, ta bayan ma ta fi muhimmanci. Kanikawa da yawa man birki suke ɗigawa, kuma gaskiya yana ratsawa, amma yana cin fenti. A ƙarƙashin mota wannan ba damuwa ba ne. A murfin but kuwa, zai bar maka zane daga noti har ƙasa. Masu cewa a zuba lemon kwalba kuma, akwai ɗan tsami a cikinsa da ke taɓa tsatsa, amma a tsaye lambar take, zai gangare kafin ya yi komai, ya bar ka da danƙo da kiyashi.

Bayan ka fesa, ɗora bakin sukudireba a kan notin ka ɗan bubbuga bayanta da guduma, bugu marar ƙarfi kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Girgizar ce ke fasa tsatsar ta ba mai hanya. Ƙarfen murfin but siriri ne, don haka in da hali wani ya tokare ta ciki da guntun katako. Daga nan ka bar shi minti ashirin ko talatin, ka sake fesawa. Wanda ya yi shekaru bai motsa ba, ka fesa da daddare ka dawo masa da safe. Na san jiran nan shi ne abin da ya fi wahala, amma shi ke raba wanda ya gama cikin sauƙi da wanda ya ƙare da diril a hannu.

Mataki na uku: juyawa

Idan kan notin mai kusurwa shida ne, ko da akwai ramin sita a tsakiyarsa, manta da sukudireba. Sa soket lamba 10, zai fi kyau mai kusurwa shida a ciki, ko sifana mai zobe. Sifana mai buɗaɗɗen baki da ajasta gefe biyu kawai suke kamawa, su ne ke mulmule kai.

Idan sukudireba ce dole, zaɓi wadda ta cika ramin ba ta rawa. Galibi lamba 2 ce ko lamba 3, kuma mutane sun fi kuskuren ɗaukar ƙarama. Tsohuwa mai zaizayayyen baki ka ajiye ta gefe. Riƙe ta a miƙe, ka danna da tafin hannu da nauyin jikinka, ƙarfin dannawa ya fi na juyawa. Da ka ji ta yi tsalle ta fita daga ramin sau ɗaya, tsaya. Kowane tsalle yana ɗebe wani abu daga ramin, na uku ko na huɗu ya gama da shi.

Ga dabarar da ba kowa ke yi ba: fara da ɗaurewa. Juya dama kaɗan, abin da bai kai kaurin farce ba, sannan ka koma hagu, wato saɓanin tafiyar agogo. Idan ya motsa, kada murna ta sa ka yi ta murɗawa. Kwance rabin zagaye, ka mayar da kwata, ka fesa mai, ka sake. Wannan gaba da bayan yana niƙe tsatsar ya turo ta waje.

Hannunka kuma ya saurara. Noti mai kwancewa yakan yi ƙara, ya yi tauri, ya saki, ya sake tauri. Wanda zai karye kuwa shiru yake yi, sai ka ji yana bin hannunka da laushi kamar alewa, alhali bai fito ko kaɗan ba. Wannan jikinsa ne ke murɗewa. M6 ba shi da wani kauri, sifana mai dogon hannu tana tsinke shi ba tare da ka ji ka yi ƙarfi ba. Da ka ji wannan laushin, dakata, ƙara mai, ka ba shi lokaci.

Idan kan ya riga ya cinye

In lalacewar kaɗan ce, shimfiɗa robar ɗaure kuɗi a kan ramin ka danna sukudireba ta kanta, ko ka lakuta ɗan man goge bawul, mai yashi-yashin nan da kanikawa ke amfani da shi. Na biyun ya fi aiki nesa ba kusa ba. Robar tana taimakon sukurun da ke cikin roba ne kawai, ba ta iya wa noti mai tsatsa ta gaske.

Abin da na fi dogara da shi shi ne filaya mai kullewa. Matse ta a gefen kan notin har sai ka sha wahalar rufe ta, sannan ka juya filayar gaba ɗaya a hankali. Idan kan zagayayye ne tana zamewa, goge gefe biyu da magagari su miƙe su daina zagaye, ta sami wurin cizo. Wata hanyar ita ce ka yanka tsaga a tsakiyar kan da zarton ƙarfe, ka sa babbar sukudireba mai faɗin baki. Zurfin tsagar kada ya wuce rabin kan, in ba haka ba zai rabe biyu. Ka sa kwali tsakanin zarton da lambar.

Kan mai kusurwa shida da ya mulmule har lamba 10 tana zagaye shi, nemi soket na inci 3/8. Faɗinsa wajen milimita 9.5 ne, ya ɗan fi 10 ƙanƙanta, idan ka buga shi a hankali yana shiga ya kama. Nan ma a tokare ta baya.

Zafi yana taimako, amma ba na wuta mai harshe ba. Fenti, robar bamba, fuskar lamba da wayoyi duk suna wurin, ga man da ka fesa. Ƙarfen soda irin na masu gyaran rediyo ya isa: ɗora bakinsa a kan notin minti biyu zuwa uku, bar shi ya ɗan huce, fesa mai, gwada. Idan sukurun cikin roba yake, ka rage lokacin, domin robar na iya narkewa.

Idan yana juyawa amma ba ya fitowa

Leƙa baya. In mace sakakkiya ce ke bin sa, wani ya riƙe ta da sifana kai kana juyawa ta gaba, shi ke nan. In ramin roba ne ya sule, cusa sukudireba mai faɗin baki a ƙarƙashin kan, ka ɗan ɗaga shi waje yayin da kake juyawa da ɗaya hannun. Da haƙoransa sun sami abin kamawa zai biyo. Ka ɗora bakin a kan lambar da kwali a tsakani, kada ka yi madogara da fentin mota. In kuwa macen da aka matse a jikin ƙarfen ce ta saki take zagayawa tare da shi, kama ta da filaya mai kullewa ta ciki. Idan hannu ba ya kaiwa wurin, sai huji.

Huda kan noti

Sa tabarau, ɓarɓashin ƙarfe ba ya wasa da ido. Buga ɗan alama a tsakiyar kan da ƙusar kankare don kada bakin diril ya yi yawo. Kan sita ya riga ya ba ka tsakiya. Fara da baki mai milimita 3, ka shiga kaɗan, sannan ka koma mai 6 ko 6.5. Diril ya tafi a hankali, kana dannawa, kana ɗiga mai. Gudu yana ƙona bakin ya dakushe shi. Kan kawai kake so ka raba da jikin, don haka da ka kai kaurinsa zai ɓalle ya maƙale a bakin diril kamar zobe. Tsaya nan take.

Yanzu lamba ta fita lafiya, rabin aiki ya ƙare, kuma guntun da ya rage ya sami sauƙi domin babu abin da ke jan sa. Fesa mai kai tsaye a tiredin. Idan ya leƙo waje, kama da filaya mai kullewa. Idan wutsiyarsa ta ciki ta fi tsawo, kama ta can ka juya hagu kana kallonsa daga cikin but, zai fito ta wajenka. Wannan ma ya fi, domin wutsiyar mai tsatsa ba sai ta ratsa macen ba.

Wanda ya karye daidai da fuskar ƙarfe shi ne mai cin lokaci. Daidaita saman da magagari, buga alama a tsakiya sosai, domin idan ka kauce tun farko tiredin macen za ka ci. Naɗa salatif a bakin diril a tsawon milimita 10 ya zame maka iyaka. Huda da 3. Akwai ƙarfen zaro karyayyen noti, mai haƙoran hagu, da ake cusawa a ramin a juya hagu. Yana aiki a kan notin da ƙarfi ya karya, amma ga wanda tsatsa ta riƙe ina tsoronsa. Ƙarfensa mai tauri ne ƙwarai, kuma idan ya karye a ciki, bakin diril na yau da kullum ba ya cin sa. Na fi son in ci gaba da faɗaɗa ramin, 4, sannan 5. Milimita 5 shi ne daidai ramin da ake yanka tiredin M6 a ciki, don haka abin da zai rage ɓawo ne kawai a cikin haƙoran. Ƙwaƙule shi da ƙusa, ka bi da taf na M6, ƙarfen yanka tiredi, da mai a jikinsa, kana shiga rabin zagaye kana dawowa kwata.

Idan tiredin ya tafi gaba ɗaya, ba a yi asarar komai ba: faɗaɗa ramin zuwa 6.5, ka sa noti da washa da mace ta baya. Wasu za su ce a kai wa mai walda ya manna mace a kan guntun. A injin mota dabara ce mai kyau. A murfin but kuwa za ka ƙona fenti faɗin tafin hannu saboda notin lamba, ni ban ga ribar ba.

Ribit ya fi duk waɗannan sauƙi. Tura ɗan tsinken tsakiyarsa ciki da ƙusa, huda da baki mai 4 ko 5 gwargwadon girmansa har kan ya fita. Idan ya fara zagayawa tare da diril, karkata diril ɗin kaɗan. Ka nemo wutsiyar da ta faɗa cikin murfin, in ba haka ba za ka yi wata guda kana neman inda ƙara ke fitowa.

Mayar da lamba

Wanke wurin da ruwa da sabulu, ka share ɓarɓashin ƙarfe tas, domin kowane ƙwaya ɗaya zai zama ɗigon tsatsa a kan fenti bayan ruwan farko. Duk ramin da ka huda ko ka faɗaɗa, shafa wa bakinsa ɗan fenti, ko da jan farce ne. Lambar alminiyum ce, ba ta tsatsa, jan da ka gani a kanta na notin ne, sabulu da tsumma suna rage shi. Kada ka sa mata tina, man tsinka fenti, tana ɓata fuskar mai ƙyalli da rubutun. Idan ta lanƙwashe, sa ta tsakanin katako biyu masu laushi ka taka. Ramin da ya yage kuma washa mai faɗi tana rufe shi, muddin ba ta hau kan harafi ko lamba ba, kada ka ba jami'an hanya abin magana.

Tafi da tsohon notin a aljihu idan za ka sayi sabo, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko wajen mai kayan noti na unguwarku. Nemi wanda ba ya tsatsa, sitenles. Sau da yawa za ka ga A2 a rubuce a kansa, kuma maganaɗisu ba ya kama shi sosai. Mai ƙyalli kawai ba shi ke nan ba, akwai wanda aka yi wa wankan tutiya, damina biyu ya koma ja. Tsawon milimita 12 zuwa 16 ya ishi yawancin motoci. Dogo yana iya tokarar ƙarfen ciki ko ya huda waya. Kuma kada ka yarda a cusa sukuru mai tsini a ramin da ke da tiredin M6 don kawai shi ne a hannu. Zai kama yau, amma ya kashe ramin.

Sitenles da alminiyum idan suka haɗu da ruwa a tsakani, alminiyum ɗin ne ke cinyewa a hankali, ya yi farin gari a bakin ramin. Maganinsa washar roba tsakanin kan notin da lambar. Idan ba ka samu ba, yanka daga tsohon tiyub na babur. Ka ƙara wani guntun a bayan lambar, yana hana ta kaɗawa ta goge fenti. Ramin robar da ya sule, sayi sabon murabba'in, ko ka cusa guntun igiyar robar ɗaure waya a ciki kafin sukurun ya shiga.

Shafa giris a tiredin. Fara ɗaurawa da yatsu, zagaye uku ko huɗu. Idan ya ƙi tafiya da yatsu, a karkace ya shiga, fito da shi ka sake. Sannan ka ƙarasa da sifana har lambar ta daina motsi, ka ƙara ɗan kaɗan, ka tsaya. Faranti ne marar nauyi yake riƙewa, ba taya ba. Mai tsoron sata ya sa noti mai kai na musamman da ba ya kwantuwa sai da makullinsa, ya ajiye makullin tare da takardun mota, ko ya buga ribit na alminiyum wanda ke huduwa cikin sauƙi ranar da ake bukata.

Duk shekara idan ka je sabunta takardu, ka kwance kowane noti zagaye ɗaya, ka ɗiga mai, ka mayar. Kafin ka mayar da shimfiɗar cikin but kuma, kunna ƙananan fitilu ka tabbata fitilar lamba tana ci, ka sa giyar baya ka duba kyamara, sannan ka rufe murfin sau biyu kana sauraron ko akwai abin da ke kaɗawa a ciki.